Ludayi Biyar na Farin Gari

Shekara ashirin da shida ya yi a gaban kwano ɗaya, babban kwanon ƙarfe mai juyawa da ke ƙuryar ɗakin sanyi na kamfanin dunƙulen nama, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Kwaɓi. Aikinsa ba ya son surutu. Ya zuba niƙaƙƙen naman shanu, ya bi da ƙanƙara da gishiri, sannan ya ɗebo sitacin dankali da ludayin awo. Gari ne fari fat, mai kuka tsakanin yatsu in an murza shi. Shi ke shanye ruwa ya ɗaure naman, don kada dunƙulen ya watse a kasko.

Da ya fara aiki, ludayi ɗaya ake zubawa. Takardar da ke manne a bango ta yi ta canzawa, ludayi ya koma uku, ya koma biyar. Nama na ja da baya, jan ruwan kala na rufe masa asiri. Ƙa'idar ɗakin ita ce abin da ke jikin takarda ba ya ƙetare ƙofa, shi kuwa mutum ne mai riƙe ƙa'ida. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

Kowace yamma akan ba ma'aikata dunƙulen da suka fashe ko suka karkace. Yakan shigo da ledarsa yana taƙama, matar ta soya, ƙamshi ya cika benen har maƙwabta su leƙo.

A bana autarsu ta dawo gida da ciki wata biyar, saboda mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku a hanya. A wurin awo an ba ta ƙwayar ƙarin jini, amma duk ta sha sai amai. Uwar ta ɗauke kwalbar ta ɗora a kan firji.

"Bar wahalar da kanki. Mu da nama ke kwana a gidanmu? Ci, ki ƙara."

Yana zaune aka faɗi haka. Ya ji, ya ci gaba da kwance igiyar takalminsa.

Wata safiya zai fita, ya tarar da Auta zaune a matakala ta huɗu, guga a gefe, tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu. Ta ɗaga masa hannu wai ba komai. Tafin hannun ya tsaya kallo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duban launin nama ba ya buƙatar likita ya gaya masa. Launin kwaɓinsa ne kafin a zuba kala. Wani sanyi ya kama shi daga ƙeya har gadon baya, irin wanda ɗakin aikinsa bai taɓa sa masa ba.

Ranar bai je aiki ba. Su uku suka tafi asibiti.

Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta ja fatar idon Auta ƙasa, ta dubi takardar gwaji.

"Jinin nan ya yi ƙasa ƙwarai. In haihuwa ta zo a haka, ɗan abin da za ta zubar ma zai iya kayar da ita. Ina maganin da muka ba ta?"

"Amai yake sa ta," in ji uwar. "Amma nama kullum, wallahi. Ubanta ga shi nan, a cikin nama yake wuni."

"Wane irin nama, Baba?"

Yana jin ƙarar fankar sama, yana jin numfashin 'yarsa, gajere, gajere.

"Ba nama ba ne sosai," ya ce. "In an kasa shi goma, naman bai kai huɗu ba. Sauran sitaci ne da ruwa da kitse. Jan kuma kala ce."

Matar ta juyo gaba ɗaya. "Kala? Malam, kala nake soya wa 'yata wata biyu?"

Nas ta cire tabarau. Ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ƙona shi. Ta ce sitaci ba guba ba ne, yana cika ciki, yana ba da ƙarfin tashi da zama, daga nan aikinsa ya ƙare. Abin da ke gina tsoka, da sinadarin ƙarfen da jini ke ƙulluwa da shi, a jan nama suke, garin dankali ba shi da su ko na shafawa. Ta ƙara da cewa ko naman gaske ne, a inda aka kai yanzu ba zai isa shi kaɗai ba. Aka kwantar da Auta, aka ɗaura mata ruwan ƙarin jini mai launin tsatsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin ɗigon da ido, yana tsoron ya ƙifta ya tsaya.

Sati shida suka rage. Daga ranar, kafin ya wuce aiki sai ya biya wurin mahauci, ya zaɓi tsoka da hannunsa, ya danna ta da yatsa. Ya koyi tsayuwa a kicin. An canza wa Auta ƙwaya, shi ke miƙa mata da ruwan lemu, ba ya motsawa sai ta buɗe baki ya gani.

"Baba, ni fa ba jaririya ba ce."

"Ɗaga harshen."

Matar ta yi kwana tara ba ta kira shi Malam ba, sai "mai kala". Duk tarin da Auta ta yi a ɗaki, sai cokali ya tsaya a hannunsa.

A sati na huɗu aka sake gwaji. Nas ta karanta takardar sau biyu.

"Bai cika ba. Amma da wannan zan yarda ta shiga ɗakin haihuwa, kuma za mu tanadi jini a gefe. Wa zai bayar?"

Kafin ta rufe baki ya fara naɗe hannun riga. Matarsa ta dube shi sama da ƙasa.

"Ku gwada nasa da kyau tukuna," ta ce wa nas. "Shi ma abin da ya ci ke nan shekara da shekaru."