Yadda kabewa ta ci mini ƙasa

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na ga tarihi a talabijin: wani shugaban Turai mai guntun gashin baki ya ce yankin maƙwabtansa nasa ne, tunda danginsa na zaune a can. Manya suka taru suka miƙa masa, wai a zauna lafiya. Na yi ta dariyar wautar Turawa, har abin ya iso lambun unguwarmu a Parkchester, nan ƙasar waje da muke zaune.

Kowa da ɗan fegin da aka yanka masa, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Nawa yakuwa ce zalla, irin da aka kawo mini daga gida. Maƙwabcina wani Alhaji ne, tsohon direban ofishin jakadanci, mai muryar da ke rufe ƙarar jirgin ƙasa. Kabewarsa ta yaɗo, ta tsallake katakon iyaka, ta kwanta cikin yakuwata ta haihu. Sai ya ce duk inda 'ya'yansa suke ƙasarsa ce, ba zai zuba ido inuwar yakuwa ta zalunce su ba.

Dattawa suka zauna sulhu. Ni aka aika sayo shayi, don girmamawa. Kafin in dawo an gama.

Shugabanmu na lambun, wani Bazazzagi mai taushin baki, ya kama hannuna. "Malam, kai ne babba. Kunyar yakuwa ɗaya ce tak za ka bar masa. Alhaji ya rantse daga ita ba ƙari."

"An tambayi kabewar? Ita ma ta rantse?"

"Kai dai ka cika barkwanci. A yi fatiha."

Aka shafa, aka sha shayina. Sulhunmu ke nan tun a gida: a duba wanda ba ya ihu, a naɗa shi babba, a yanki nasa.

Kafin sanyi ya shigo Alhaji ya cire katakon, wai yana tuntuɓe. Da bazara na tarar da feginmu ya zama ɗaya, yakuwata an tuge ta an tara gefe. Shugaba ya ce a bar wa Allah, yana magana yana auna tazarar kabewar da nasa barkonon da ido.

Alhaji dai ba marowaci ba ne. Da ya yi girbi ya aiko mana ɓarin kabewa. Uwargida ta yi miyar taushe da busasshiyar yakuwar kanti, ta ajiye a gabana. Na rantse ba zan taɓa ba. Sau biyu na ƙara.