Jihar da Ta Ƙi Sa Tabarau

Sunan mahaifiyata aka sa wa 'yata, shi ya sa ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Mahaifiyata kuwa ba ta rasu ba sai da idonta ya tafi. A hankali ya tafi. Da farko ta daina gane mutum daga bakin zaure, daga baya ko a ƙofar ɗaki ka tsaya sai ka yi magana. Tun ranar suna nake ɗauke da wani tsoro da ban gaya wa kowa ba: kada yarinyar nan ta ɗauki suna ta haɗa da ido.

A nan ƙasar waje, a unguwar Stapleton muke zaune, ni kuma kitso nake yi a wani shago a Harlem. Bas, sai feri, wato jirgin ruwan fito, sai jirgin ƙasa. Shekarar da Uwata ta cika biyar, da hutun zafi ya zo, tare muke tafiya don babu wanda zan bar wa ita. A cikin ferin nan na buɗe asibitin idona. Da mun shiga a tashar St. George sai in ja ta bakin ƙarfe in ce, "Uwata, ina Hajiya?" Hajiya ita ce koriyar matar nan ta mutum-mutumi da ke tsaye a tsakiyar ruwa ta ɗaga wuta sama, wadda baƙi ke ture mutum don su ɗauke ta hoto. Sai yarinya ta miƙa yatsa. In ce madalla, in samu natsuwar wuni guda.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni ba na ganin Hajiyar. Sai mun zo daf da ita nake hango wani abu kore a tsaye kamar kubewa. Tun ina ƙarama haka duniya take a wurina, na kusa tangaran, na nesa kamar an shafa masa koko. Kitso ba ruwansa da nesa, tsagata ta fi ta kowa miƙewa a shagon. Lambar bas kuwa, akwai wata mata mai jar jaka da ke hawa irin tawa, in ta tashi in tashi. Duk mai mayafin da na hango a titi gaishe ta nake yi, don kada ta zama wadda na sani, har aka yi ta yabona da ladabi. Sau ɗaya na rusuna wa wata lema da aka naɗe a gaban shago, har na tambaye ta yara.

Tabarau kuma ban yarda da shi ba. A aji huɗu na tsaya. In na ƙwama gilashi a fuska, matan shago za su ce wace jarida zan karanta a kan mutane?

Wata safiya, zafi kamar an kifa wa gari murfin tukunya, na ce, "Uwata, ina Hajiya?" Ta duba, ta sake dubawa. Ita in na yi mata Hausa da Turanci take maida mini.

"She's gone, Mama."

Wai ba ta nan. Kwana uku a jere ba ta gan ta ba sai da muka kai tsakiyar ruwa. Rana ta huɗu ta gani, ta biyar babu. Haka mahaifiyata ta fara, yau gani, gobe lalube. Na hana ta taɓa waya. Na dinga dafa mata karas har na fara tsintar shi a cikin takalminta.

Akwai wata nas, babbar mace 'yar wajen Jos, da muke haɗuwa a ferin safe. Anti nake ce mata. Ita ta kama ni ina share hawaye da gefen mayafi.

"Ƙanwata, wa ya mutu?"

Na gaya mata komai, ban da nawa idon. Ta leƙa ruwa ta ce, "To ni ma ban gan ta ba. Na makance ke nan? Ke ba ki ga yadda garin ya yi ba?"

Na ce na gani mana. Ni a wurina garin bai canza da komai ba.

Ta ce iskar ce ta ƙazantu. Hayaƙin motoci, da na tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal, wani ma daga jihohi masu nisa iska ke kwaso shi, in zafi ya tsananta sai ya tsaya a kan gari. Ta ce har rigima ake yi a kai. Gwamnatin tarayya ta yi doka cewa a rage hayaƙin don a riƙa ganin nesa a fak.

"Fak ɗin da yara ke lilo?"

"A'a, manyan gandun daji na ƙasa, masu duwatsu da kwazazzabai. Mutane na yin doguwar tafiya su je su tsaya su kalli nesa."

"Kallo kawai, Anti? Ba sa tsinko komai?"

"Kallo kawai. To wasu jihohi sun ce ba su yarda ba. Su suka san gidansu, a bar su su gyara yadda suka ga dama, a lokacin da suka ga dama. Har kotu."

Na juya maganar a raina. Manyan mutane masu kwat sun zauna sun yi doka a kan ganin nesa, wasu manyan kuma sun tashi sun ce mu haka ma ya ishe mu. Wallahi sai na ji gwamnonin nan kamar 'yan ɗakinmu ne. Kafin mu sauka Anti ta ce duk da haka in kai yarinya a duba ta, ta kwatanta mini wurin.

Da na gaya wa baban Uwata, ya ce in kai ta, ni ma a duba ni. Wai shekaranjiya ya ɗaga mini hannu daga tsallaken titi, na gaida mai kawo wasiƙa.

Na ce, "Yallaɓai, kai ne gwamnatin tarayya, ni jiha ce. Ban yarda ba. Ni na san gidana."

"To Gwamna, ƙarfe nawa a agogon bangon can?"

"Hayaƙi ya rufe."

"A falo?"

"Daga jihohi masu nisa yake zuwa."

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ni ma na yi, amma cikina bai yi ba, don ranar Talata za a gaya mini ko Uwata ta gaji uwata.

Likitar matashiya ce, ba ta girme ni ba. Aka zaunar da ni, Uwata a cinyata, aka rufe mata ido ɗaya. A bango akwai allo mai zane-zane don yaran da ba su iya haruffa ba: gida, tuffa, zobe, akwati. Layin sama ta faɗa tsaf. Aka sauko, ta ɗan yi jim. Na ƙanƙance ido, na ga wani abu dunƙule. Na sunkuya kunnenta na raɗa mata, "Tuffa ce. Ce tuffa."

"No, Mama. House."

Na mintsine ta. Likita ta ce gida ne. Layi na gaba na ce zobe, ashe akwati ne. Yarinya ta yi ta sauka tana lissafawa har inda ni ban san akwai layi ba, farin bango kawai nake gani. Aka sauya ido, haka. Aka haska mata fitila. Likita ta ce idonta lafiya ƙalau, babu abin da ya same shi.

Na ce alhamdulillahi ya fi sau goma, na ɗauki jaka. Likita ta ce a'a, Mama ta zauna. Ita kuma Uwata, wadda na shayar, ta buɗe baki ta ba ta labarin lema.

Aka rufe mini ido ɗaya. Na faɗi na sama, shi ma don na ji an faɗa ɗazu. Na biyu na tsaya. Sai na ji ɗan numfashi a kunnena, yarinyar nan ta yi ɗage tana raɗa mini, da Hausar da ba ta taɓa yarda ta yi ba, "Gida, Mama. Ce gida."

Na tambayi likitar ko nawa idon irin na mahaifiyata ne. Ta duba sosai ta ce ba ta ga alamarsa ba, nawa gilashi ne maganinsa, amma mu riƙa zuwa duk shekara mu biyu.

Ranar da na fara sa shi, na ga abubuwan da ba su da daɗi. Saman firjina. Furfurar Yallaɓai, wadda ya ce ni na jawo ta. Matar nan mai jar jaka kuwa, ashe duk watannin nan harara take yi mini. Amma na ga Hajiya tun daga St. George, da muka matso na ga ashe tana da fuska, kuma allo take rungume da shi. Matan shago sun kira ni Farfesa na sati biyu suka gaji.

Zafi bai ƙare ba sai da aka sake irin safiyar nan. Na ja Uwata bakin ƙarfe, na duba da kaina. Babu Hajiya. Na cire tabarau na goge da mayafi, na maida. Babu. Uwata ta ce ita ma ba ta gani. Na rungume ta ina dariya har mutane suka waiwayo.

Anti, wadda na riga na ba ta labarin musuna da Yallaɓai, ta ce, "Gwamna, an miƙa wuya ke nan?"

Na ce, "Anti, na sauya sheƙa. Sauran gwamnonin ma a kawo su kujerar likitar nan, a rufe musu ido ɗaya. Kuma kada a bar kowa ya raɗa musu."