Sunan Aro a Jidda

Wata Asabar ce a farkon watan Janairun 1976, ina 'yar shekara tara, aka yi mana wanka da sabulu mai ƙamshi aka sa mana kayan sallarmu, wai yau Baba zai dawo daga Makka. Gidanmu na Kawo ya sha farar ƙasa ciki da waje. Baffa Yusuf, ƙanen Baba mai aikin ofis da ke zaune a Unguwar Rimi, shi ya kawo mai zane ya zana jirgin sama a bangon zaurenmu, fari da kore, mai tagogi goma sha ɗaya, a ƙasansa aka rubuta "Barka da dawowa Alhaji Iliyasu". Inna ta kwana biyu tana suyar cincin da dubulan. Muka bi Baffa zuwa tashar Kawo, muka tsaya inda motocin Kano ke sauke mutane, domin a Kano jirgin alhazai ya sauka. Mota ta iso, alhazai suka riƙa saukowa da hirami a ka, haƙoran Makka na walƙiya, dangi na rungumarsu. Alhaji Dikko, maƙwabcinmu da suka tafi tare, ya sauko riƙe da akwatin ƙarfen Baba. Ni dai ina ta leƙen bayansa, har motar ta zama wayam, ɗan kamasho ya fara kiran fasinjan Zariya.

A zaure Alhaji Dikko ya yi bayani, Inna tana saurare daga bayan ƙofa. Ya ce Ilu, wato Baba, lafiyarsa ƙalau, ya sauke farali, amma ya tsaya a Jidda don ya samu aiki, kuma ya ce shekara ɗaya rak zai yi. Inna ta koma ta raba cincin ɗin nan gida gida, kamar dai mai gidan ya dawo, aka buɗe akwati aka ba mu dabino da zamzam. A cikin kayan akwai wasu 'yan kunne masu jan dutse da ya aiko mata da su, ta sa su a ranar.

Babana kafinta ne, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya aikinsa ba. Rumfarsa tana bakin titi kusa da tasha, yana yin ƙofofi da bencina da akwatunan amare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kira na, in na kai masa abincin rana ya zaunar da ni a kan garin katako ya ce uwarsa ta zo duba aiki. Mutum ne mai raha, amma da taurin kai kamar ƙusar da ta lanƙwashe, kuma ba abin da ya raina irin takarda. Kullum yana tsokanar Baffa Yusuf yana cewa, "Takarda ba ta kafa ƙusa." Da ya je can ya ga ko'ina gini ake yi, ana neman kafintoci ruwa a jallo, sai ya ga ai hannunsa ya ishe shi shaida. Bai damu da cewa takardar da ya shiga da ita ta aikin hajji ce kawai ba, kuma da an gama hajji ta gama aiki. Baffa ya rubuta masa wasiƙa ya fi sau uku, yana roƙonsa ya dawo gida tukuna, a nemi kamfanin da zai aiko masa da izinin aiki, ya samu ubangidan da zai tsaya masa, wanda a can suke ce wa kafili, sannan ya koma da sunansa a rubuce. Baba ya aiko a gaya wa malamin ofis cewa in ya dawo jiran hatimi, kafin a buga an gama gina Jidda.

Shekara ɗaya ta zama biyu. Gaskiya ba mu sha wuya ba a lokacin, har ma mun yi ɗan fankama. Ina zuwa firamaren unguwarmu da takalmin Makka, in an tashi tara muna 'yar gala-gala a gindin dalbejiya sai na tuɓe shi na ajiye inda kowa zai gani. Da yamma in ɗebo ruwa a famfon bakin layi, in share tsakar gida, in kora awaki, ranar da babu makaranta mu bi Inna 'yar gonarmu ta bayan gari mu tsinko kuɓewa da yakuwa. Sai dai yara ba su da kara. Da an ɗan yi faɗa wajen carafke sai wata ta ce mini 'yar gidan jirgin da bai sauka ba, in yi ta kokawa har kallabina ya faɗi.

A shekara ta biyu ya aiko da rikoda da kaset. Matan layinmu suka cika tsakar gida, Baffa ya danna, sai ga muryar Baba tangaram kamar yana rumfarsa. Ya gai da kowa da sunansa, ya tambayi ko Uwata ta daina tsoron ƙadangare. Sannan cikin dariya ya ce a kwantar da hankali, ya samu takarda. Wani mutumin Nijar mai suna Musa ya gaji ya koma gida, ya bar masa igamarsa, wato takardar izinin zama, kuma masu duba takardu ba su cika bambance fuskar baƙin mutum da ta wani ba. "A nan Musa ake kira na," in ji shi, "har na fara amsawa ba tare da na waiwaya neman mai sunan ba." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Baffa ne kawai bai yi ba, ya kashe rikodar ya ɗauki hularsa ya fita.

Daga daminar 1978 muka daina jin komai. Babu wasiƙa, babu kaset, babu saƙon baki. Inna ta fara ɗinkin hula tana ba ni ina kaiwa Babbar Kasuwa, duk wanda aka ce ya dawo daga can kuma sai ta aika a tambaye shi. Da alhazan wannan shekarar suka dawo, wani magini ɗan Zariya da aka kamo aka dawo da shi ya nemo gidanmu, jirgin bango ne ma aka kwatanta masa. Ya ce tare suke aiki da Baba a wani dogon gini. Wata rana da hantsi katakon da Baba ya taka ya karye, ya faɗo daga hawa na huɗu. Kafin su kai gare shi sai suka ji jiniya, kuma dukkansu babu mai takarda, sai kowa ya yi ta kansa. Daga bayan wata katanga ya hango an ɗauke shi an sa a mota. Babu wanda ya iya zuwa asibiti, domin duk wanda ya je tambaya shi za a fara tambaya. Bayan kwana biyu suka ji an binne wani Musa.

Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika ɗakin Inna ana ta salati. Liman ya zo ya zauna, ya sa aka kira maginin, ya tambaye shi ko ya ga gawa da idonsa. Ya ce bai gani ba. Ko ya san wanda ya gani? Ya ce bai sani ba. Ko ya tabbata lokacin da aka ɗauke shi ba ya numfashi? Mutumin ya sunkuyar da kai ya fara kuka. Liman ya ce ba a zaman makokin mutum a kan zato, kuma mace ba ta shiga takaba sai mutuwa ta tabbata. Ina tsaye ina kallo aka naɗe tabarmin nan ɗaya bayan ɗaya, mutane suka watse suna rasa irin gaisuwar da za su yi mana. A lokacin ne Inna ta matso bakin ƙofa, hannunta a kunne, domin mai takaba ba ta ado.

"To Malam," ta ce, "in cire 'yan kunnen, ko in bar su?"

Liman ya ce ta bar su tukuna.

Baffa Yusuf ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya shiga ofis ya fita ofis, amsar dai ɗaya ce: an ga fitar Iliyasu, ba a ga dawowarsa ba, kuma babu labarin mutuwar mai wannan suna. Da ya ga zuwa da kai ya fi aike, sai ya tafi hajji a shekarar da ta biyo baya ya bincika da kansa. A littafin asibiti ya tarar da Musa, mutumin Nijar, kafinta. Ya ce wannan yayansa ne, aka ce ya kawo shaida, alhali takardar da aka samu a aljihun mamacin ta riga ta faɗi sunansa. Kaburburan can kuma ba a sa musu alama. Da ya dawo gida aka je gaban alƙali, alƙalin ya ce hukuncin Inna hukuncin matar wanda ya ɓata ne, sai ta jira shekara huɗu sannan ta yi takaba.

Shekara huɗun nan su ne suka cinye mahaifiyata. Ba ta da miji, kuma ba a ce mata gwauruwa. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ta miƙe tsaye. Wani lokaci ta sa kaset ɗin nan tana tankaɗe, da an zo wajen dariyar sai ta kashe. Na ji haushin Baba ƙwarai a shekarun nan, na kuma yi kewarsa matuƙa, ban san wanne ya fi yawa ba. Ranar da wa'adin ya cika, ta cire 'yan kunnen da kanta ta ƙulle su a bakin zane, ramin kunnenta ya yi tsawo saboda nauyinsu. Ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki. Ba a shimfiɗa tabarma ko ɗaya ba, domin mutane sun riga sun manta, jirgin bango ma ruwan sama ya wanke shi saura fiffike ɗaya.

Yanzu an rushe zauren an yi shaguna, kuma mutum yana Jidda za ka ga fuskarsa a waya yana cin abinci. Bara jikana ya samu aiki a can, ya zo yi mini sallama yana ɗokin tafiya. Na ce ba inda za shi sai ya kawo takardar izinin aikin, da sunan wanda ya tsaya masa. Ya kawo yana dariya, wai Hajiya ta zama malamar ofis. Na sa tabarau na karanta sunan da ke jiki harafi harafi, na tabbatar nasa ne, sannan na sa masa albarka. Inna ta rasu ba ta taɓa cewa marigayi ba in za ta ambaci Baba. Ni kuwa har yau in na idar da salla nakan nema wa Iliyasu gafara, sannan in ƙara da Musa, ko da shi ne sunan da aka kira a kansa.