Sun Hutar da Baba

Shekara talatin kawuna yana sauke buhunan siminti, cinyarsa kamar turmi. Da ya karye a ƙafa, likita ta ce da zarar ƙashin ya haɗe ya riƙa takawa, don a cikin tsoka akwai ƙwayoyin da ke gyara ta, kuma motsi ne ke tashinsu daga barci.

Babban ɗansa, mai shagon waya, ya fi likita sani. Ya sayo kujera mai laushi, ya hana tsohon ɗauko ko kofin ruwa.

Yau turmin nan ya koma taɓarya, cokali ma sai an riƙe masa. Ɗan kuwa duk baƙon da ya shigo, kujerar yake fara nuna masa: "Ai mun hutar da Baba."