Mota Mai Kujera Biyu

Shekarar da aka ba mu mulkin kai, Turawan Inugu suka fara tattara nasu ya nasu. Duk abin da ba zai shiga jirgin ruwa ba sai su sa masa kuɗi, tun daga gadon ƙarfe har mota. A wannan rububin ne Yayana ya sayi motar da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

A unguwar Ogui muke zaune, nan cikin Inugu. Yaya fatoma ne, shi ke saukar da masu shanu in sun zo daga Arewa, ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki. Ni kuwa mijina ya rasu, na dawo gida ina tuwon sayarwa, ina jinyar Inna. Ciwon ƙugu ne ya kwantar da ita, ta kai ba ta iya zama sai kwanciya. Burinta ɗaya a duniya, a kai ta garinsu can bayan Zariya ta ga ƙanwarta, in ajali ya zo ya same ta a gida. Jirgin ƙasa ba zai yiwu ba, bencin katako ne da cunkoso, kuma in an sauka sai an hau babbar mota. Abin da ake nema motar da za a shimfiɗa mata katifa a ciki.

To Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutanen da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce wannan, ko mai gidan nan. In ya zo gaisuwa da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, tana kallon bango take amsawa. Ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. Duk abin da take so ni take faɗa wa, ni in kai masa. Da na kai masa maganar tafiya gida, wallahi bai yi musu ba, ya ce wannan ai dole ne, kuma dama ya daɗe yana son ya yi mota.

Dillali ya samo masa biyu. Ɗaya ta wani ɗan kasuwa ce Inyamuri a unguwar Obiagu, doguwa mai faɗin baya, ta sha jiki, fentinta ya koɗe, in ta hau tudu sai ta yi ta nishi. Ɗayar kuwa ta wani Baturen ma'aikatar haƙar kwal ce da ke haramar komawa ƙasarsu. Ja ce jawur, ƙofa biyu, kujera biyu, gajeriya kamar za ta lashi ƙasa. Baturen ya ɗauki Yaya ya hau da shi hanyar tudun nan mai kwana-kwana da ke fita wajen Anacha. Yaya ya dawo hula a hannu, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Daga ranar gidanmu ba a wata hira sai ta mota. Yaya ya zauna a zaure da abokansa yana auna jar motar yadda yake auna sa. Wai sabuwarta ta ninka kuɗin doguwar har ba a magana, amma don Baturen na sauri, ɗan abin da ya ɗora a kan kuɗin ta Obiagu bai taka kara ya karya ba. Wai injinta ko tari ba ya yi. Wai tafiyar da doguwar za ta kwana tana yi, wannan kafin rana ta faɗi ta cinye ta. Ya buɗe gabanta, ya kasa kunne, ya daddaki tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi. Duk wannan dube-dube, mutumin nan bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa inda tsohuwa za ta miƙe ƙafa ba.

Ni na tambaye shi. Na tare shi a tsakar gida da muciya a hannuna, na ce araha ba ta ado, kuma mu ba tsere za mu je ba. Ya ce kujerar tana kwantawa baya, Baturen ya nuna masa, kuma gudun ma ai don Inna ne, gwamma wahalar yini ɗaya da ta kwana biyu. Na ce a ina zan zauna ni mai riƙe ta, a kan rufi? Ya ce bakina ya yi yawa, shi zai tambayi mai abin da kansa.

Ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta, ya zayyana mata motocin biyu, ya ce wacce take so. Ina tsaye ina addu'a a zuci ta buɗe baki sau ɗaya a rayuwarta. Ta juya fuska bango.

"A ce masa duk wadda ya ga ta yi, ta yi."

Shi ke nan. Da ya fita na ce, haba Inna, kin san doguwar kike so. Ta ce ita ba za ta tsufa tana zaɓar wa ɗan fari abin hawa ba, mutane su ce me? Na ji haushinta, na ji haushinsa, na rasa wanda zan huce a kansa sai tukunyar tuwo. Da na sake yi wa Yaya magana ya ce wannan faɗata ce, shi da kunnensa ya ji abin da Inna ta ce. Washegari ya ce ya sayi jar a gaban shaidu, aka sallama masa, dillali ya karɓi la'adarsa.

Ranar da aka sa za a gwada, Inna ta riga kowa shiri. Ta sa na ɗaure mata ƙullin tsarabar ƙanwarta, atamfa da sabulu da kwalbar manja da 'yan kwakwa. Muka ɗauko ta a tabarma ni da matar Yaya da maƙwabta, unguwa ta fito kallo. Ƙofar motar ƙanƙanuwa, kujerar can ƙasa, dole sai an lanƙwasa mutum kafin ya shiga. Muka lanƙwasa ta. Ina riƙe da kafaɗarta, zufa ta jiƙa mini hannu. Ta cusa bakin mayafi a baki ta cije, don kada ta yi ƙara a gaban ɗanta. Kujerar da aka ce tana kwantawa, ɗan kishingiɗa kawai take yi. Ko tayar da motar ba a yi ba muka fito da ita.

Da muka mayar da ita ɗaki, Yaya na tsaye a waje ya kasa shigowa. Sai da numfashinta ya dawo ta ce da ni a hankali, "A ce masa motar ta yi kyau. Allah ya sa alheri."

Na fita na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da babbar rigarsa.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya koma Obiagu, ya tarar an sayar da doguwar tana jigilar fasinja a hanyar Anacha. Ya sa jar a kasuwa, ba wanda ya taya da mutunci, don wa zai sayi motar da ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar buhu? Ya aika har Fatakwal, shiru. Ya kira makaniki ya cire kujerar, aka gwada tsawon wurin da tabarma, bai kai ba. Jarinsa kuma ya tafi a cikinta. Ya ce a jira masu shanu su zo ya ɗan farfaɗo ya ɗauki shatar wata motar. Damina ta sauka, hanya ta lalace, aka ce sai ruwa ya ɗauke. Inna ba ta sake tayar da maganar ba, amma ƙullin nan yana gefen filonta, ba ta yarda a taɓa shi.

Ruwa bai ɗauke ba ta rasu. A Inugu aka binne ta, a kafaɗa aka kai ta, aka wuce ta gaban jar motar tana lulluɓe da tamfol a gindin mangwaro.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya ce shi zai kai wa ƙanwarta labari da kansa. Ya sa makaniki ya mayar da kujerar. Da asuba ya zo ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce in miƙo masa tsarabar. Na bi shi da ita har waje, ya buɗe mini ƙofar motar, na ajiye. Ƙullin ya zauna daram a kujerar, har da sauran wuri.