Kazar Malam Ɗanjuma a Ajin Turanci

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi ran mahaifina, Malam Ɗanjuma na Nahuce. Takardar gargaɗin da ke cikin jakata ce ta sa na kasa daina tuna shi a makon nan.

Baba ya daɗe yana koyar da Turanci a Bungudu, kuma da Hausa ya koyar da shi. Ranar da zai bambance wa yara lie da lay, kazar Inna ya ɗauko a kwando. Ya shimfiɗa tabarma gaban allo, ya miƙe abinsa, ya ce, "Wannan lie ne, ni da kaina na kwanta." Ya ɗaga kaza, "Ita kuwa lay take yi, ƙwai take ajiyewa." Sannan ya ba su asali: kalmomin nan ’yan gida ɗaya ne, kamar kwanta da kwantar. Haka rise da raise, tashi da tayar. Yakan ce Turawan ma suna ruɗewa, kada kowa ya ji kunya.

Wata rana sufeton makarantu ya zo daga Gusau, ya tarar da malami kwance yana zuba Hausa. Aka tura Baba wani ƙauye can bayan Tsafe. Bai ba kowa haƙuri ba. Kazar ma ya tafi da ita, Inna ta yi wata guda tana mita.

Yau ni ke koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Damba. Yarana suna rera ma’anar kalmomi kamar karatun sallah, amma ka ce su yi jimla ɗaya, sai zare ido. Na fara yi musu bayani da Hausa, mai makaranta ya rubuto cewa in na ƙara, in nemi wani wurin. Da Baba na nan, na san dariya zai yi, ya tambaye ni ko yaran sun gane.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Marayu uku nake ciyarwa da aikin nan. Amma kwanan baya wani dattijo mai sayar da gero ya gane ni a kasuwa, ya ce, "’Yar Malam! Kaza lay, Malam lie!" Furfura ta cika masa gemu, bai manta ba. Sunan sufeton kuwa, wallahi ko Inna ba ta riƙe ba.

Ran Litinin darasina lie da lay ne. Na naɗe tabarma, maƙwabciyata kuma ta ce in zo in kama kazarta da sassafe.