Ƙusar da Inna ta kafa

Shekarun baya, ban daɗe da kama aiki a wata ma'aikatar tarayya da ke Garki ba, na shiga wani hali a kan batir. E, batir dai da kuka sani, na rediyo da tocila. Yau na ce bari in ba ku labarin, tunda abin ya wuce har ina iya yi wa kaina dariya.

Ilimin haɗa sinadarai na karanta a jami'a, amma aikin da na samu bai wuce kai fayil daga teburin wannan oga zuwa na wancan ba. Ni kuma Allah ya yi ni marar zama wuri ɗaya. In ina zaune ƙafata na rawa, in ina tsaye hannuna na neman abin taɓawa. Matata takan ce ko a filin Idi ni nake fara neman takalmina.

Mahaifiyata tana zaune a Kwali, a gidan da mahaifinmu ya bari. Ita da rediyonta ba sa rabuwa. In batir ya yi sanyi sai ta shanya shi a rana, in ya ƙi tashi ta ɗan cije shi, wai ƙarfin da ya kwanta ya motsa. Haka take yi tun muna yara. Ni da iyayi, da na fara karɓar albashi sai na sayo mata irin masu tsadar nan da ake rubuta alkalayin a jikinsu. Ɗaya daga ciki ya daɗe a rediyo har ya fara tsiyaya, ya fitar da farin garin nan a gindinsa. Inna ba ta lura ba ta kai baki.

Ranar Asabar na je na tarar da leɓenta a kumbure, ta shafe shi da man kaɗanya.

"Kai ka ce masu tsada sun fi kyau," in ji ta.

"Inna, ai ban ce abinci ba ne."

"Ka ji min ɗan nema! Me suke zubawa a ciki?"

Na ce mata wani ruwa ne mai kaifi, dangin ruwan tokar da take tacewa, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To duk karatun naku, an rasa wanda zai toshe shi?"

Wallahi wannan tambayar ce ta hana ni sakat. Na koma Garki na fara tara matattun batura, na ofis da na maƙwabta. Kullum na taso daga aiki sai in sa safar hannu in zauna a baranda ina yanka su. Na lalata wa matata faranti biyu da wuƙa guda, ta kafa min dokar kada in sake taka kicin ɗinta da hannuna a haka.

Abin da ke faruwa a ciki ba wani sihiri ba ne. Akwai garin ƙarfe da aka dama da wannan ruwan mai kaifi, akwai baƙin gari a kewaye, sai wani zoben roba a gindi da ya toshe komai. In batir ya tsufa, iska takan taru a ciki, ta yi ta matsa robar har ta samu hanya. In ta fito kuma ba ita kaɗai take fitowa ba, da ruwan take tahowa. Sai na ce, me zai hana a bar wa iskar 'yar ƙofa ta wuce, amma a yi wani ɗan lungu a bayan ƙofar, a cusa abin da zai shanye ruwan ya riƙe shi?

Jama'a, ranar da wannan tunanin ya zo min, a tsaye na ci abinci. Na tafi kasuwar Dei-Dei na sayo guntun bututu da roba, na haɗa ƙaton samfuri mai kaurin hannuna don in gwada. Na yi ta gwadawa ina ɓatawa har wata rana iska ta fita, ruwa ya tsaya. Na zana shi tsaf a babbar takarda, kowane sashe da lambarsa.

Baki ya ƙi rufuwa. Zuwana Kwali na gaba na zayyana wa Inna komai. Na ce mata in mutum ya ƙirƙiro abin da babu wanda ya riga shi, gwamnati na ba shi takardar shaida mai hatimi, da sunansa a jiki, cewa fasahar tasa ce. Ta ce kawai, "Allah ya sa albarka." Da na sake komawa, na ga ta sauke agogon bangon da ke saman gadonta, ta kafa sabuwar ƙusa a wurin, doguwa, da kanta ta buga ta da ɗan dutsen niƙa.

"Inna, ina agogo?"

"Na ba ƙanwarka. Nan wurin takardar ne. Ka sa a yi mata gilashi mai kyau."

Ashe har ta gaya wa matan unguwa. Ina fita wata tsohuwa ta tare ni da "Sannu mai batir, yaushe za mu sha biki?"

Ina da aboki lauya, tare muka yi makaranta, ofishinsa na nan cikin Garki. Na kai masa zanen da rana tsaka, ina ta rawar jiki. Ya ce kafin a shigar da komai, bari mu leƙa rumbun takardun ƙirƙira na ƙasashen waje mu ga ko wani ya riga ni. Ni dariya ma na yi. Na ce, "Duba son ranka, mutumina."

Ya juyo min da kwamfutar muna bi ɗaya bayan ɗaya. Kai, ashe mutane sun daɗe suna fama da batir! Wani a kan garin ciki, wani a kan takardar da ke raba garin biyu, wani a kan murfi. Muna cikin tafiya sai ga wani tsohon zane, layukansa har sun ɗan dushe. Ga zoben roba. Ga 'yar ƙofa. Ga lungu a bayanta, har da ɗigo-ɗigon da ke nuna abin shanye ruwa. Wani bawan Allah ne a wata ƙasa mai nisa, ya yi rajistarsa tun kafin a sa ni a firamare. Wa'adin takardar ma ya daɗe da ƙarewa, yanzu kowa na iya amfani da dabarar.

Na miƙe tsaye. Na zauna. Na sake miƙewa na je taga.

"Malam, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji abokina. Ya buga min zanen a firinta ya miƙo min. Sannan ya ce, "Bari in gaya maka yadda abin yake. A nan, cikar takardu ake dubawa wajen rajista. Ko wani ya riga ka ko bai riga ka ba, wannan nauyin a wuyanka yake. In ka shigar, mai yiwuwa takarda ta fito. Amma duk ranar da wani ya ja da ita a kotu, rushewa za ta yi, kuma ni ba zan ce maka sabon abu ne ba."

"To wa zai ja da ni?"

"Babu kowa. Kai ba masana'anta gare ka ba. A bango kawai za ta zauna."

A bango. Ai ni ma bangon ne damuwata.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Lokacin hutun rana sai in fita in yi ta yawo daga wannan unguwar Garki zuwa waccan, ba abin da zan saya. Zuciya ɗaya ta ce, ai ba sata ka yi ba, da kanka ka gano, karɓo takarda ka faranta wa tsohuwa. Ɗayar ta ce, za ka rubuta cewa sabon abu ne alhali zanen mutumin na cikin jakarka? Sau da yawa na kira abokina in ce ya shirya takardu, kafin ya ɗauka in kashe. Matata ta gaji ta ce, "Baban yara, ko ka shigar ko ka bari, amma don Allah ka daina zagaye min falo."

Inna kuma duk kiran waya sai ta saka zancen. "Ƙusa fa ta fara tsatsa."

Wata Asabar na zuba zanen biyu, nawa da na mutumin, a jaka na hau mota zuwa Kwali. Har muka wuce Gwagwalada ban san me zan ce mata ba. Na shiga ɗakin, idona ya sauka kan ƙusar, Inna ta share yanar gizo-gizo a kewayenta fes. Na zauna a tabarma, na shimfiɗa takardun a gabanta, na faɗa mata komai.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Tsaya. In ka nema za su ba ka?"

"Wataƙila su ba ni."

"Ka saci nasa ne?"

"A'a, Inna. Ban taɓa ganinsa ba sai bayan na gama nawa."

"To mene ne abin wahalar da kai? Je ka karɓo. Shi wannan mutumin zai zo Kwali ya leƙa ɗakina ne?"

Ni na ɗauka za ta yi min wa'azin gaskiya ne, sai ga shi ita ke tura ni. Na ce, "Inna, takardar cewa take yi ni na fara. Kuma ba ni na fara ba. Duk ranar da na shigo ɗakin nan na gan ta, sai na sunkuyar da kai."

"Ni kuma fa? Ni me zan ce wa matan unguwa?"

Ta tashi ta fita tsakar gida, na ji tana buga tukwane da ƙarfi. Da ta kawo tuwo ta dangwarar min ba tare da ta dube ni ba. Wallahi na ji zafi, don ban taɓa hana ta wani abu da ta roƙe ni ba, kuma wannan ba don kanta kaɗai take so ba. Na ci loma biyu na kasa.

Da la'asar ina shirin tafiya sai ta ɗauki takardun biyu, ta ɗora ɗaya kan ɗaya, ta ɗaga su a bakin ƙofa inda haske ke shigowa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. Shi ma uwarsa ce ta ƙona leɓe?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in bar mata su, in kama hanya kafin motoci su yi wuya.

Ban shigar da takardar ba. Ƙusar ta daɗe babu komai a kanta, kuma duk zuwan da na yi sai na gan ta. Ba ta sake ɗaga zancen ba, ni ma haka. Matan unguwa suka yi tambayarsu suka gaji. Abin da ta ce musu ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Daga baya na ga ta rataye rediyonta a wurin, na ce a raina shi ke nan, ta haƙura.

Shekaru suka shuɗe, ciwon gwiwa ya matsa mata, muka lallashe ta ta dawo wurinmu a Garki. Ranar kwasar kaya tana zaune a bakin gado tana ba da umarni, ƙanwata na ɗaure kaya, ni ina sauke na bango. Na ɗaga rediyon, sai ga takarda a bayansa, an ninke ta, an huda ta da ƙusar. Ta yi ja saboda ƙura da hayaƙi. Na warware, zanena ne, da lambobina da mummunan rubutuna.

"Inna, wannan fa?"

"Me ka gani? Ƙusa tawa ce, bango nawa ne. Ba gwamnati ta kafa min ba."

"To ina ɗayan, na mutumin?"

"Na hura gawayi da shi tun ranar."

Na fita waje kamar zan duba mota, don kada ƙanwata ta ga idona.

Har yau ban ƙirƙiro komai ba, kuma har yau ƙafata na rawa in na zauna. Wani lokacin nakan tuna mutumin nan da ban sani ba, in ji wani iri, haushi-haushi da kuma ƙauna, don a duniya shi kaɗai na san ya taɓa zama yana tunanin abin da na yi tunani. Ban yi nadamar barin takardar ba, amma ba zan ce muku bai yi min ciwo ba. Ya yi, kuma ya yi wa Inna.

Zanen yanzu yana ɗakinta a gidana. Na ce bari in kai a yi masa gilashi, ta hana. Ta sa na kafa ƙusa a saman gadonta, ta mayar da shi ta tsohuwar hudar, ta rataye rediyo a kai.